Ɗan Paken da Ya Rage a Ordinater Ɗina Kaɗai

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a wannan biro, ofishin namu na Dakoro, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata ta ƙarshen bazara, ranar da na buɗe ordinater, wato kwamfuta, da safe na tarar injin haɗi ya nuna ja.

A lokacin furojen namu, shirin kula da lafiyar dabbobi, ƙarami ne. Shef ɗinmu, wato shugaba, Dokter Isufu ne, likitan dabbobi, mutum mai sanyin magana. Ni Zara'u ni ce mai rubuta manhaja. Sai Sanusi, injiniyan da ke zaune a Yamai yana kula da injin haɗi. Waɗanda muke yi wa aikin su ne wakilan dabbobi, wato mutanen karkara da aka horar daga Rumbu da Korahan da Azagor da sauran garuruwa. Idan wakili ya ga dabba ba ta da lafiya, sai ya shigar da rahoto a salularsa. Manhajar ta ajiye rahoton, duk ranar da ya isa inda akwai rezo, wato sabis na waya, ta turo shi biro.

Bari in yi wa wanda ba sana'arsa ba ce bayanin injin haɗi. Manhaja ba mutum ɗaya ke rubuta ta dukanta ba. Abin da na rubuta da hannuna kaɗan ne. Sauran guntaye ne da wasu masu sana'a a ƙasashe daban-daban suka rubuta, suka ajiye a rumbunan intanet don duk mai so ya ɗauka. Su muke kira pake. Muna da paken taswira, muna da paken hoto, da wasu da dama. Kowane pake kuma yana da nasa paken da ya dogara da su, su ma suna da nasu. Injin haɗi babban ordinater ne a Yamai. Duk lokacin da na tura gyara, sai ya share wurin aikinsa tas, ya ɗebo pake daga rumbuna, ya haɗa su da abin da na rubuta, ya gwada, sannan ya buga wa manhajar hatimin furoje. In komai ya tafi daidai ya nuna kore. In wani abu ya karye ya nuna ja, kuma ba ya fitar da komai.

A shekarar nan an fara raɗe-raɗin ciwon huhu a cikin shanun arewa. Dokter ya ce rubutu kaɗai ba ya isarsa, yana so wakilai su riƙa haɗawa da hoto. Na yi aikin, injin ya nuna kore a makon da ya gabata, aka aika wa wakilai su hallara Dakoro ranar Alhamis a zuba musu sabon zubi. Ranar ba ta ɗaguwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma da ruwan farko ya sauka garake za su yi arewa, wakilai su bi su, ba mu ƙara ganin yawancinsu sai kaka. Sabon zubin kuma yana da nauyi, rezon daji ba ya iya ɗauko shi.

Abin da na tura ranar Talatar bai kai ya kawo ba. Kalma ɗaya ce ta Fulatanci da na rubuta ba daidai ba a jikin wani maɓalli, na gyara ta. Amma injin ya ce paken hoto yana kiran wani aiki da babu shi. Na sa ordinater ɗina ya haɗa manhajar a nan biro, ya haɗa lafiya lau. Na sake turawa Yamai, ja. Haɗin makon da ya gabata kuwa injin ya riga ya share shi tun da na tura gyaran.

Na shiga wurin Dokter na faɗa masa. Ya ajiye alƙalami ya ce, "To in naki ordinater ya haɗa, mi ya hana mu zuba wadda ya haɗa ɗin?"

Na ce, "Hatimi, shef. Hatimin furoje yana Yamai, ba ya fita daga injin. Salula ba ta yarda a ɗora mata sabon zubi a kan tsoho sai hatiminsu ɗaya. In mun nace, sai an goge tsohuwar manhajar tukuna."

"In anka goge ta?"

"Duk rahoton da wakili bai samu rezon turowa ba ya tafi."

Ya fi ni sanin abin da ke cikin salulolin nan. Akwai wakilan da tun tsakiyar rani ba su taka inda akwai rezo ba. Ya ce, "Ba a goge aikin mutane. Nemi Sanusi."

Na kira Sanusi. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Madam Zara, na gani. Wallahi ban taɓa komai ba."

Na ce, "Ni ma kalma ɗaya na taɓa."

Shawararsa ita ce wadda kusan kowane injiniya zai fara bayarwa. Tunda paken hoto ne ke kuka, kuma namu tsoho ne, a ɗaga shi zuwa sabon fitowa. Na yarda, don ni ma ban ga wata hanya ba. Muka ɗaga shi, ya nemi a ɗaga wasu biyu tare da shi, muka ɗaga. Ana kiran azahar injin ya nuna kore. Dokter ya yi hamdala, ya sa aka ɗora shayi.

Allah ya sa a ranar Baffa Umaru yana gari. Shi ne wakilinmu na Azagor, dattijon Bafulatani, dogo, ba ya rabuwa da malfa. Ya riga sauran zuwa don ya kawo raguna kasuwa. Ya leƙo biro mu gaisa, na ce ya ara mini salularsa in gwada. Irin wadda furoje ya raba tun farko ce, gilashinta ya tsage, ya ɗaure bayanta da roba. Na tura mata sabon zubin. Ta yi ɗan tunani, ta ce wannan manhaja ba ta dace da ita ba. Na sake, ta maimaita.

Da na koma na karanta bayanin sabon paken hoton da kyau, sai na ga masu shi sun daina tallafa wa tsofaffin saluloli. Kusan duk wakilanmu kuwa irin ta Baffa ce a hannunsu.

Na sake kiran Yamai. Sanusi ya ce, "Amma kore ne fa."

Na ce, "Kore ne a wurinka. A hannun Baffa Umaru ko shiga ba ta yi ba."

Ya ja numfashi. Na san ya gaji, don ba mu kaɗai yake yi wa aiki ba. Ya ce, "To mu koma baya." Muka mayar da komai yadda yake da safe, injin ya koma ja. Sauran yinin na ƙare shi ina karanta rahoton kuskuren sama da ƙasa. Na zargi paken taswira, na cire shi, abin bai sauya yadda zan gane ba. Na zargi injin kansa, Sanusi ya kashe ya kunna, ja. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, zufa na ɗiga a kan tebur. Da magariba ta gabato Dokter ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tashi ki tafi gida. Kai mai zafi ba ya gyara." Na rufe ordinater na tafi, raina a jagule.

Washegari ina kan moto, ɗan babur ɗina, a hanyar biro na ga inda na yi ta kewaye. Jiya duk na tsaya ina tambayar me ya karye a Yamai. Ban tambayi me ya sa nawa bai karye ba. Rubutu ɗaya ne a wuri biyu. In ɗaya ya haɗu ɗaya ya ƙi, to kayan da suke haɗawa da su ne ba ɗaya ba.

Ina isa na kira Sanusi na ce ya sa injin ya fitar da salsalar pake, wato jerinsu, gaba ɗaya, ba waɗanda muka nema da bakinmu kaɗai ba, har da waɗanda su suka jawo, kowanne da lambar fitowarsa. Ni ma na fitar da ta ordinater ɗina. Na jera su gefe da gefe na fara bi. Na sama duk sun yi daidai. Can ƙasa, ƙarƙashin paken taswira, sai na ci karo da wani ɗan pake da ban taɓa jin sunansa ba. Aikinsa matse hoto don ya rage nauyi. Nawa tsoho ne, na Yamai sabo.

Daga nan abin ya warware kamar zare. Paken taswira da paken hoto duk suna amfani da wannan ɗan paken. Na taswira ba ya zaɓe, ya ce a ba shi kowane fitowa daga kaza zuwa sama. Na hoto kuwa da tsohon aka gina shi, kuma a sabon an cire aikin da yake kira. Ordinater ɗina ya ɗauko tsohon tun shekarar da muka fara, ya ajiye a cikinsa, bai ƙara fita nema ba. Injin Yamai kuma kullum sai ya share ya ɗebo daga waje.

Na faɗa wa Sanusi, na ji ya buga tebur. Ya ce, "Shi ke nan. Ɗaure shi a tsohuwar lamba." Na rubuta wa injin cewa wannan ɗan pake, tsohon fitowa kaɗai muke so. Na tura. Muka jira. Ja.

Amma saƙon ya sauya. Yanzu injin cewa yake ya nema bai samu ba. Sanusi ya ce in ba shi ɗan lokaci. Da ya sake kira muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce rumbun da tsohon yake ciki, masu shi sun rufe shi a ƙarshen mako. Sun daɗe da sanarwa, amma mu ba mu san muna ɗiba daga can ba, balle mu kula. An kwashe kaya zuwa sabon rumbu, sai dai sababbin fitowa kaɗai aka kwasa. Shi ya sa injin ya ɗauki sabon, don shi kaɗai ya tarar.

Ya ce, "Na duba ko'ina. Babu shi."

Na dubi ordinater ɗin da ke gabana. Tsoho ne, fankarsa na gurnani saboda zafi, kuma a kan batir yake don kuran bai dawo ba. Na ce, "Akwai shi. Yana nan Dakoro."

Dokter yana tsaye a bayana. Ya ce in yi masa bayani da Hausa. Na ce, "Shef, abin da ya tsayar da mu, kwafi ɗaya na sani ya rage, kuma yana cikin wannan ordinater." Ya miƙa hannu ya ɗauke kofin shayin da ke gefen ordinater ɗin, ya kai shi har bakin taga ya ajiye. Sannan ya zaro kile, ɗan abin ajiyar fayil, daga aljihunsa ya ba ni. Na lalubo ɗan paken a ma'ajiyar ordinater, na kwafe shi a kilen kafin in yi komai. Fayil ne ɗan ƙarami, bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

Ina shirin turawa Sanusi ya dakatar da ni. Ya ce, "Madam, ba don ban yarda da ke ba. Amma ba na sa wa injin nan abin da ban tabbatar ba. Ya shekara a ordinater ɗinki. In ya lalace fa, ko wani abu ya taɓa shi? Hatiminmu zai hau kansa, ya shiga salular kowa."

Gaskiya a lokacin na ji haushi, don rana ta yi sama kuma gobe ce Alhamis. Amma yana da hujja. Kowane fayil yana da abin da muke kira zanen yatsa, wato jerin haruffa da lambobi da ake lissafowa daga cikinsa. Ko ɗigo ɗaya aka sauya a fayil, zanen ya sauya gaba ɗaya. Sanusi, saboda tsantseninsa, ya saita injin yana adana zanen duk paken da ya yi aiki da shi. Ya buɗe na haɗin makon da ya gabata, wanda ya yi kore. Ni kuma na lissafo na wanda ke hannuna. Rezon intanet ya yi rauni har saƙo ba ya fita, sai na riƙa karanto masa a waya harafi bayan harafi, yana cewa "na'am". Baffa Umaru, da ya dawo jin labari, yana zaune a kan benci yana kallona kamar mai sauraren karatu. Da na kai harafin ƙarshe Sanusi ya ce, "Shi ne. Turo."

Kafin nan na buɗe takardar izinin paken na tabbatar mai shi ya yarda a kwafa a ajiye. Ya yarda. Rezon biro ya ƙi ɗaukar fayil ɗin, ya fara ya yanke, ya sake ya yanke. Dokter ya kunna na salularsa, da yake layinsa na wani kamfani ne daban, muka bi ta nan ya wuce. Sanusi ya buɗe wa furoje ɗan rumbu na kansa a cikin injin, ya sa paken a ciki, na gyara umarnin haɗi ya fara dubawa can kafin ya fita waje. Na tura.

Haɗin yakan ɗauki kamar tsawon dahuwar shayi. Na ga ya wuce ɗibar pake. Na ga ya wuce wurin da yake faɗuwa tun jiya. Ya shiga gwaji, ya fita, ya buga hatimi. Ana kiran la'asar ya nuna kore.

Dokter ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Na ce, "Baffa, kawo salula."

Ya kwance robar ya miƙo. Na tura mata. Ta yi tunaninta na tsofaffi, sannan ta tambaya ko a ɗora sabon a kan tsohon. Na danna. Ta karɓa. Na mayar masa na ce ya duba rahotanninsa. Ya riƙe ta nesa da ido yana ja da babban yatsa, yana kiran sunayen rugage ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe ya ce, "Duka suna nan, ɗiyata. Har na saniyar Inna Dija da na shigar a bakin rijiya."

Na nuna masa sabon maɓallin. Ya fita tsakar biro, ya tarar da akuyar maƙwabta tana cin takarda a gindin itacen bedi, ya ɗauke ta hoto, ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau sai rashin kunya. Kafin ya dawo ciki hoton ya bayyana a allon Dokter. Dokter ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Na kira Yamai, ya karɓi wayar daga hannuna ya ce, "Malam Sanusi, Allah ya yi maka albarka. Ku biyun kun fidda mu." Na ji Sanusi daga can yana cewa amin.

Ranar Alhamis wakilai suka cika tsakar biro, babura jingine a bango, wasu da rawani wasu da malfa. Na zauna a inuwa da tebur, suna miƙo salula ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ƙi, babu rahoton da ya ɓata. Da yake sun shigo rezo, tsofaffin rahotannin rani suka yi ta sauka a allon Dokter har yamma. A daren Asabar ruwan farko ya sauka, garake suka ɗaga.

A tsakiyar damina wani hoto ya iso daga arewacin Azagor. Wani matashin wakili ne ya ɗauki huhun saniyar da aka yanka, ya manne da haƙarƙari, jikinsa ya yi zane-zane. Dokter ya dube shi sau ɗaya ya miƙe tsaye. Ya sanar da hukumar kiwo ta jiha a ranar, aka tura ma'aikata da allura, aka ware garken, aka yi wa na kewaye rigakafi. Ciwon bai tsallaka zuwa mashayar da sauran garake ke haɗuwa ba. Da rubutu kaɗai ne, in ji Dokter, da sai ya aika a ɗebo samfuri tukuna, kafin nan shanun sun gauraya.

Ni da Sanusi ba mu bar abin haka ba. A makon da ya biyo baya muka bi salsalar nan gaba ɗaya, muka ɗaure kowane pake a lambarsa, babba da ƙarami, muka kwafe su duka a rumbunmu. Muka sa injin ya riƙa haɗi da kansa kowane mako ko ba a taɓa komai ba, don in wani abu ya motsa a waje mu ji tun da sauran lokaci. Daga baya, a natse, muka maye gurbin tsohon paken da wani wanda ake kula da shi kuma yake tafiya a tsofaffin saluloli.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan jan alama ba abokin gaba ba ne. Injin da ya ƙi ya faɗa mana gaskiya, wanda ya yi kore da azahar ɗin Talata shi ya kusa kai mu ƙasa. Na kuma koyi cewa in abu ya yi aiki a nan ya ƙi a can, a daina zargi, a jera su a nemi bambanci. Na uku kuma ya shafi mutane. Aikinmu a kan wuyan waɗanda ba mu taɓa gani ba yake tsaye. Wanda ya rubuta ɗan paken nan bai san akwai gari mai suna Dakoro ba. Sanusi kansa, duk shekarun da muka yi muna aiki tare, murya kawai na sani.

Sai bayan kaka ya zo taron ƙarshen shekara. Ashe ɗan siriri ne, ga kunya. Wakilai sun dawo daga arewa, suna zaune a tsakar biro. Dokter ya gabatar da shi, Baffa Umaru ya miƙe ya zo ya tsaya a gabansa ya ce, "Kai ne wanda ya ce ba ka yarda sai an karanta maka?"

Sanusi ya sunkuyar da kai ya ce shi ne.

Baffa ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Haka ake riƙon amana." Ya kwance jakarsa ya ɗora masa cuku mai yawa a hannu. Sauran wakilan suka taso su ma, kowa na miƙo hannu.

Da yamma ina raka shi tasha, rungume da cukunsa a leda, ya ce mini, "Madam Zara, tun da na fara aikin nan nake haɗa manhaja ina turawa. Yau ne karon farko da wanda ke amfani da ita ya riƙe hannuna."